Sai Daga Tsallaken Titi

Idan kana son ganin ɓacin ran Gida-Gida, ba sai ka zage shi ba. Je ka tsaya dab da ɗaya daga cikin zane-zanensa, ka kai hancinka jikin bango kamar mai shinshina, ka ce, "To wannan kuma mene ne?" Kafin ka rufe baki za ka ji hannu a kafaɗarka. "Malam, ja baya. Ƙara. Ƙara dai. Kai, tsallaka titi kawai." Ka tsallaka kana ƙunƙuni, ka juyo, sai ka ga abin da ɗazu yake tarkacen tayil ja da shuɗi ya zama ɗan mutum mai ƙaton kai, riƙe da tsintsiya, yana bin gizo-gizo da gudu. Dariya ta ƙwace maka ba ka shirya ba. Shi kuwa ya riga ya saɓa tsaninsa ya yi gaba, ko sannu ba ya jira.

Mutum nawa ya tsallakar da titi a rayuwarsa, Allah kaɗai ya sani. Amma mutum ɗaya da yake so ya tsallakar, wanda dominsa ake duk wannan wahalar, bai taɓa tsayawa ya kalli ko ɗaya ba. Babansa ke nan.

Baba mai saka tayil ne, kuma ba irin na yanzu ba, masu ɗiga siminti a kusurwa huɗu su manna su yi gaba. In ya gama ɗaki sai ya fitar da kowa, ya durƙusa, ya bi tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu, sannan ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa yana kasa kunne. Ya ji "kwal" a wuri guda, alamar akwai iska a ƙarƙashi, to layin nan gaba ɗaya ya tashi, ko da mai gida yana tsaye da kayansa a mota yana jiran ya tare. Yabo kuwa ba ya cikin kayan aikinsa. Akwai wani lebura da Baba ya taɓa ce wa "ba laifi", mutumin nan har ya tsufa yana ba da labari.

A ƙarshen layinsu akwai mai gyaran talabijin, shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene. Wani ya taɓa kawo masa injin gem na yara, irin na da mai kaset, aka gyara, bai dawo ya karɓa ba. Mai gyara ya jona shi da wata tsohuwar talabijin mai ƙaton ƙeya, shago ya koma ya fi makaranta cika. Gida-Gida yana ɗan shekara goma a lokacin, kuma maganar gaskiya bai iya wasan ba ko kaɗan. Ana miƙa masa abin dannawa, kafin a ƙirga goma gizo-gizo ya cinye ɗan mutumin, a fizge a ba na baya. Dalili kuwa, shi ba wasan yake kallo ba. Matsawa yake har goshinsa ya kusa taɓa gilashi, ya ga ashe babu mutum a ciki, babu gizo, 'yan gidaje ne masu kusurwa huɗu a jere, wannan ja, wannan baƙi. Mai gyara ya daka masa tsawa, "Ja baya, kar ka kashe idonka a ce ni ne!" Ya ja baya, sai ga mutum ya dawo da tsintsiyarsa. Ya matsa, mutum ya watse. Ya ja baya, ya dawo. Abin nan ya shiga ransa, har yau bai fita ba.

Littafin lissafinsa, mai layi gida-gida, bai taɓa ganin lissafi ba. Cike gidajen yake da biro, shafi bayan shafi, kifi mai ƙafa, akuya mai laima, har ranar da malamin lissafi ya ɗaga littafin a gaban aji ya ce, "Ku ga aikin Malam Gida-Gida." Suna ya bi shi. Har Mama, da ta yi ta faɗa a kan kada a ɓata wa ɗanta suna, ƙarshe ita ma da shi take kiransa.

Da karatu ya ƙi, Baba bai yi dogon surutu ba, ya miƙa masa bokiti. Ya koyi jiƙa tayil, ja igiya, kwaɓa siminti, yanka kusurwa. Hannunsa ya faɗa da wuri, kowa ya gani, Baba ma ya gani, shi ya sa ya rage yi masa tsawa, wanda a wurin Baba wannan lambar girma ce. Sai dai idon yaron kullum yana kan abin da ake sharewa a zubar, wato guntayen da suka rage bayan yanka. Ya dinga cika aljihu da su. Lokacin hutun rana, kowa yana cin abinci, shi yana gefe da filaya yana gutsura su ƙanana-ƙanana daidai farcen babban yatsa.

Yana shekara goma sha tara ya yi zanen tayil ɗinsa na farko. Banɗakin wani gida suke yi, ya faki idon Baba ya jera guda arba'in da biyu a bayan ƙofa, ɗan kifinsa mai ƙafa. Baba ya shigo bin aiki da hannu kamar yadda ya saba, hannu ya ci karo da su.

"Wannan fa?"

"Ado ne, Baba. Da za ka ɗan ja baya, za ka ga..."

"In ja baya? A banɗaki? In shige cikin bango ke nan?"

Tsakani da Allah, Baba yana da gaskiya, banɗakin taku biyu ne. Ya sa guduma ya kankare kifi, ya ce a share, a sa cikakken tayil kamar yadda aka yi da mai gida. Gida-Gida ya share, idonsa cike da ƙwalla. A ranar ya gane abu biyu. Na ɗaya, abin da yake yi yana son tazara, kuma babu ɗakin da ke da irin tazarar nan, sai titi. Na biyu, ba zai huta ba sai Baba ya ga kifin nan a matsayin kifi.

Sai ya fita titi. Za ka ɗauka ɓoyewa yake yi, ina! Rana tsaka yake aikinsa, ido na ganin ido. Ya sayi rigar nan ruwan ɗorawa mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya, ya saɓa tsani, ya riƙe bokiti, ya ɗaure fuska kamar wanda aka tilasta wa fitowa ranar hutu. Ba wanda ke tambayar mutumin da ke saɓe da tsani yana ɗaure fuska. A gida yake jera guntayen a kife kan takarda mai gam, ya zo ya shafa siminti a bango, ya manna, ya daddanna, ya jiƙa takardar ya ɓare. Minti goma ya sauko. Saman ƙofar kanti, ƙafar gada, gefen tashar bas, bayan ofishin wasiƙu. Akwai ranar da wani ɗan sanda ya tsaya a ƙarƙashinsa ya daɗe yana kallo, Gida-Gida ya sha jinin jikinsa, ashe tsanin ne ya ga yana rawa. Ɗan sandan ya riƙe masa har ya gama, ya ce, "Ku ma dai ba sa ba ku kayan aiki masu kyau." Gida-Gida ya ce wallahi kuwa.

Abin da ya tona masa asiri shi ne kyan aiki. Wani mai gida da Baba ya taɓa yi wa falo ya wayi gari ya ga akuya da laima a saman garejinsa. Ya hau kujera ya duba, ya ga layi ya tafi sak, babu inda siminti ya leƙo. Bai yi wata-wata ba ya nufi gidan Baba, ya ce, "Duk garin nan gida ɗaya ne ke jera tayil haka."

Ranar an yi ta. Baba ya tsaya a tsakar gida yana faɗa har maƙwabta suna leƙe. "Na koya maka sana'a don ka rufa wa kanka asiri, ka je kana manna shara a bangon mutane? Da hannuna? Da sunana?"

"Baba, ba shara ba ce. Zo mu je ka gani, nan kusa ne. Ka tsaya daga tsallake kawai..."

"Ni zan tsaya a titi ina kallon wasan yara? Aikin da sai an gudu daga gare shi yake kyau, wannan aiki ne?"

Maganar nan ta soke shi, kuma ta daɗe tana sukarsa. Ya ajiye bokitin Baba, ya koma karɓar aikinsa shi kaɗai, kicin nan, banɗaki can. Ya rantse a ransa ba zai ƙara cewa Baba zo ka gani ba, sai ranar da ya yi abin da ko Baba ba zai iya kawar da kai ba. Gaisuwa dai bai daina ba. Duk mako zai zo, ya durƙusa, ya gaida Baba da ke kujerarsa kusa da rediyo, a yi "lafiya lau" sau uku, ya kafa ido a ƙasa minti goma, ya shiga wurin Mama, ya fice. Taurin kai dai gado ne a gidan, ba wanda ya saya a kasuwa.

Shekaru suka yi ta tafiya, zane ya yi ta yawa. Hukumar gari ta sa aka bi su da fenti, ruwan sama ya wanke fentin, tayil ya fito yana ƙyalli fiye da da. Aka turo masu kankarewa, suka kankare uku, suka ce siminti ya fi ƙarfinsu. Bayan shekara biyar hukumar nan dai ta buga kalanda da hoton akuya mai laima a shafin farko, a ƙasa an rubuta "Garinmu Abin Alfaharinmu". Samari da 'yan mata suka mayar da abin farauta, suna yawo da waya suna ƙirga wanda ya fi samun da yawa. Wata jarida ta yi shafi guda a kan "gwanin da ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa". Kai jama'a! Mai shayi ya san shi, mai faci ya san shi, duk layinsu sun san shi har da lambar takalminsa, amma ba ɗan jaridar da ya ga ya dace ya tambayi mai faci.

Matarsa, malamar firamare ce, ita ta karanta masa sharhin wani masani da ya ce akuyar tana nuna halin da talaka ke ciki, laimar kuma alkawuran da ba a cikawa. Gida-Gida ya ce, "Ashe haka nake nufi?"

Ta ce, "Ka ji dai. Ni da nake tsintar ƙafar akuyar a aljihunka duk ranar wanki ban sani ba."

Ta sha yankewa a yatsa, baiwar Allah. Guntun tayil a aljihu, a ƙarƙashin matashi, a cikin takalmin yara. Takan ce mutum ta aura amma da tsakuwa ta tare. Duk da haka ita ce ke riƙe masa fitilar waya in yana zaɓen launi a lungun shagon masu tayil, kuma ita kaɗai ta san cewa duk yabon nan ba ya kai masa ko'ina. In an yabe shi sai ya dawo gida shiru, ya zauna bakin gado yana juya filaya a hannu. Yabon mutum dubu yake samu, shi kuma na mutum ɗaya yake nema.

Ƙanwarsa Auta, wadda ke zaune da iyayen, ta taɓa gwada nuna wa Baba hotunan a waya. Gida-Gida yana wurin. Baba ko juyowa bai yi ba, ya ce, "Kawar min da wannan abin." Gida-Gida ya ƙara ɗaure zuciya. Mama kuwa ta sha tare shi a bakin ƙofa. "Ka ɗauke shi ka kai shi mana. Ko na bakin gadar nan da ake ta magana."

"Bai kai ba, Mama. Ƙarami ne. Akwai lokaci."

Ta buɗe baki kamar za ta faɗi wani abu, ta waiga wajen ɗakin Baba, ta rufe. Ta ce Allah ya kai mu. Shi bai tsaya tunanin komai ba, yana sauri, siminti na jiransa.

Yana da shekara arba'in da ɗaya lokacin ya zo. Wani kamfani ya gina wurin ajiye motoci mai hawa huɗu a bakin babban titi, da ƙaton bango fari fat yana kallon hanya, suka ce a nemo musu gwanin da ba a san fuskarsa ba. Direban manajan kamfanin ya ce ai maƙwabcinsa ne. Aka kira shi ofis, aka ba shi kujera mai juyawa da ruwan sanyi, mutumin da a da ake bin aikinsa da fenti. Suka ce furanni suke so, da tsuntsaye, wani abu mai kwantar da hankali. Ya ce to. Ya kawo musu zanen a takarda, ya ajiye a tebur dab da hancinsu, suka ga gidaje masu launi, ba wanda ya yarda ya ce bai gane ba. Suka sa hannu.

Abin da ya zana fuskar gem ce irin ta shagon mai gyaran talabijin, hawa huɗu da matakala. Sai dai a tsakiya, maimakon mai tsintsiya, wani dattijo ne a durƙushe, fensir a bayan kunne, tafin hannunsa a kan tayil, kansa a karkace yana sauraro. Guntu dubu arba'in da ɗaya. Wata huɗu yana kan ƙarafan hawa, rana ta gasa shi har matarsa ta ce in ya tsaya jikin bango za a ɗauka cikin zanen yake. A wannan karon bai yi aikin minti goma ba. Ya jiƙa, ya ja igiya, ya cika bayan kowane guntu da siminti, ya bi ya ƙwanƙwasa. Ba don ladabi ba, a'a, don kada tsohon nan ya samu abin cewa. Da ya gama ya tsallaka titi, ya yi ta matsawa gaba da baya har ya samu daidai inda hoton ya fi fitowa, ya ɗiga fenti ruwan ɗorawa a wurin.

Ranar buɗewa aka yi jawabai, manaja ya ce tun farko abin da suka nema ke nan. Gida-Gida bai ji ko rabi ba. Washegari da hantsi ya je gida, ya durƙusa, ya ce, "Baba, na zo in kai ka wani wuri."

Ya shirya wa musu, har ya tanadi amsoshi. Baba kuwa sai ya ce, "Auta, miƙo min hulata."

Suka shiga mota su uku. Da suka sauka Baba ya riƙe hannun Auta gam, Gida-Gida ya ce a ransa gwiwa ce, tsufa ya zo. Ya kai shi kan ɗigon fentin ya tsayar, ya koma gefe kamar yaron da aka kira gaban aji. Baba ya ɗaga kai. Ya daɗe a haka. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, kuma ta ɗan karkata hagu, wajen allon wani kantin magani.

"Kai ni wurin," in ji Baba.

"Baba, daga nan ake gani."

"Na ce ka kai ni."

Ran Gida-Gida ya ɓaci. Suka tsayar da motoci suka tsallaka. Baba ya saki Auta, ya ɗora tafin hannu a bango, ya shafa, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. Ya matsa taku ɗaya, ya shafa, ya ƙwanƙwasa. Ya durƙusa da ƙyar ya bi layin ƙasa. Ya miƙe ya bi iya inda hannunsa ya kai. Daga wannan kusurwa har waccan, kusan minti arba'in, masu wucewa suna kallon tsoho yana ƙwanƙwasa bango kamar mai neman a buɗe masa.

"Wa ya taya ka?"

"Lebura biyu a sama. Nan ƙasa ni kaɗai."

"Ka jiƙa tayil ɗin?"

"Kwana guda."

Baba ya goge hannu a rigarsa. "Babu iska ko ɗaya," ya ce. "Ka iya."

Kalmar da ba wanda ya taɓa ji daga bakin nan. Da lebura ne da ya suma. Amma Gida-Gida ji ya yi kamar an watsa masa ruwan zafi, abin da ya danne shekara ashirin da biyu ya taso gaba ɗaya.

"Na iya? Baba, ba siminti na kawo ka ka duba ba! Wata huɗu ina saman nan! Na tsayar da kai inda kowa ke tsayawa, yara ma sun gani, mahaukacin bakin tasha ma ya gani ya yi tafi, kai kaɗai ne ba za ka ɗaga ido ka kalla ba? Sau ɗaya, Baba! Me na yi maka haka?"

Auta ta fashe da kuka. "Yaya, don Allah ka yi shiru."

"Ƙyale shi," in ji Baba. Ya juyo wajen da muryar ɗansa take, bai dace daidai ba, idonsa ya sauka a kan kafaɗarsa. "Tsallaken titi kake magana? Shekara shida rabona da ganin tsallaken ɗakina."

Gida-Gida ya tsaya baki buɗe. Ya kalli idon Baba. Garau suke, babu fari, babu ja, sai dai ba sa kan komai. Yaushe rabon da ya kalli idon nan? Duk mako yana zuwa, duk mako ƙasa yake kallo.

"Jijiya ce ta mutu, in ji likita," Auta ta faɗa tana share hanci. "A hankali ganin ya tafi. Ya hana mu faɗa. Ya ce duk wanda ya gaya maka bai yafe ba."

"A gida ba na buƙatar ido," in ji Baba. "Ni na saka tayil ɗin gidan, ƙafata ta san kowane layi. Kuma ban so ka dinga zuwa kana zama don tausayi." Ya sake dafa bangon. "Shekarar da ka yi na bakin gada, na ji ana ta magana a rediyo. A lokacin idon dama yana ɗan gani. Na ce wa mamarku ta gaya maka ka zo ka kai ni, amma kada ta ce ni na ce. Na ajiye hula kusa, mako uku."

"Na ce bai kai ba," in ji Gida-Gida.

"Haka ta ce min."

Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya rasa inda zai sa kansa. Ya jingina da bangon da ya yi wata huɗu yana yi, mutum mai shekara arba'in da ɗaya, yana kuka a bakin titi ba ya ko ɓoyewa. Ya ciro waya kamar zai nuna hoton, ya tuna, ya mayar aljihu. Baba ya sake ɗora hannu a kan tayil ɗin, ya shafa ja, ya shafa shuɗi, a hannu duk santsinsu ɗaya.

"To me ke jiki?"

"Kai ne, Baba."

"Ni?" Baba ya ɗaga gira. "Ina me?"

"Kana durƙushe kana bin aiki. Da fensir a kunne."

"Gwiwa ɗaya ko biyu?"

"Ɗaya."

"Wacce?"

"Ta hagu."

Baba ya gyaɗa kai a hankali. "Ta hagu ce," ya ce. "Ta dama tun ina saurayi ba ta son ƙasa." Ya gyara zaman hularsa, ya miƙa hannu, ba wajen Auta ba. "Mu je. Ka ce daga can ake gani."

Gida-Gida ya kama hannun. Ya ɗaga ɗayan ya tsayar da motoci, wani direba ya yi ta danna hon, ba wanda ya kula shi. Suka tsallaka a hankali, taku ɗaya-ɗaya, har kan ɗigon fentin. Baba ya tsaya ya ɗaga kai, fuskarsa ta sake karkata wajen kantin magani. Gida-Gida ya sa hannu biyu a kafaɗunsa ya ɗan juya shi dama.

"Nan?" in ji Baba.

"Nan."

Suka tsaya a wurin su biyu suna fuskantar bangon, har rana ta yi zafi Auta ta je ta kawo mota.